Mai sinimar ƙaramin gari da alƙalancin fim: yadda aka yi a Amurka zamanin finafinan bebe

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Musun da kuka kwana biyu kuna yi kan wa ya cancanta ya ce fim ya yi ko bai yi ba, mai sharhi ko ɗan kasuwa, ya tuna mini da wani abu a tsofaffin mujallun Amurka. A 1916 wata mujallar harkar fim ta Shikago mai suna Motography ta buɗe shafi na musamman, ta sa masa suna What the Picture Did for Me, wato abin da fim ɗin ya yi mini. Ba 'yan jarida ke rubutu a shafin ba, masu gidajen sinima ne da kansu. Da mujallar ta haɗe da Exhibitors Herald ta Martin Quigley a 1918 sai shafin ya koma can, ya ci gaba shekaru da dama. Tsarin ba wuya: sunan fim, jarumi, kamfani, sai layi uku ko huɗu na hukunci, sannan mutum ya sa sunansa da na sinimarsa da garinsu, ya faɗi irin mutanen da ke zuwa masa. Waɗanda suka fi cika shafin kuwa ba na Niyok ba ne. Masu sinimar ƙananan garuruwa ne na jihohi irin su Nebraska da Kansas da Iowa, garin da gaba ɗayansa bai wuce mutum dubu ɗaya ko biyu ba.

Ku lura da sunan shafin. Ba a ce yaya fim ɗin yake ba, cewa aka yi me ya yi MINI.

Sadiq Zariya: To Malam ai kun gama mana hukunci da bakinku. Wannan ba sharhin fim ba ne, lissafin ciniki ne. Mai shago ya ƙirga kuɗin akwatinsa da dare, in ya cika ya ce fim ya yi kyau, in bai cika ba ya ce shirme ne. Me ya sani game da ɗaukar hoto ko tsara labari?

Alhaji Tanimu Mai Gidan Kallo: Sadiq, a hankali dai. Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da gidan kallo. Ban san komai a kan kyamara ba, amma ina iya gaya maka a minti na ashirin ko fim zai riƙe mutane. Idan benci ya fara ƙara, aka fara fita fitsari ɗaya bayan ɗaya, mai gyaɗa ya fara samun ciniki a tsakiyar fim, to an gama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malam Habu: Alhaji ya taɓo wurin da nake son zuwa. Akwati yana ciki, ba musu, amma ba shi kaɗai ba ne. Abin da ya fi yawan fitowa a rahotannin nan shi ne bakin ƙofa. Mai sinimar ƙaramin gari sau da yawa shi ne mai sayar da tikiti, ko matarsa ce, ɗansa ko wani yaron unguwa ne ke juya na'ura, shi kuma idan an tashi yana tsaye a ƙofa yana sallamar mutane. Mutanen nan kuwa su ne mai aski da likitan gari da malamar makarantar 'ya'yansa da limamin cocinsu. Sau da yawa za ka karanta mutum yana cewa fim kaza ya sa shi tsayawa a ƙofa da fara'a, fim kaza kuwa sai da ya ɓuya a ofis har kowa ya watse. Mai sharhi a jaridar birni in ya yaba fim ya tashi banza, ba wanda zai tare shi a kasuwa gobe. Wannan kuwa za a tare shi.

Sannan akwai dalilin da ya sa suke rubutun da zafi. Manyan kamfanoni, musamman Paramount na Adolph Zukor, a lokacin suna sayar da fim ne a dunƙule. Kana son fim ɗin babban jarumi guda? Sai ka sa hannu ka karɓi na shekara, ashirin ko talatin ko fiye, mafi yawa ba a ma yi su ba tukuna, suna kawai ka gani a takarda. Cinikin biri a sama sosai. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta shigar da ƙara a kan haka a 1921, ta ba da umarnin a daina a 1927, amma ba a rabu da abin ba sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1948. To mutumin da ke can ƙarshen layin dogo, wanda wakilin kamfani ke zuwar masa da bakin zuma, ina zai ji gaskiya? Sai wajen ɗan'uwansa da ya riga shi haska fim ɗin.

Ummi: Kamar kwandon tumatir ke nan, na sama jajaye, na ƙasa sai an je gida 😂

Malam Habu: Haka yake Ummi, sai dai shi ba a ma bari ya ɗaga na saman.

Sadiq Zariya: Na yarda suna da dalili. Amma Malam ku faɗa wa mutane me suke so da me suke ƙi, a ga ko ɗanɗanon nasu abin koyi ne.

Malam Habu: Ba zan ɓoye ba. Ranar Asabar ita ce ranar kasuwarsu, manoma sun shigo gari sayayya, kuma ranar kaboyi ce. Tom Mix da dokinsa Tony, Hoot Gibson, Buck Jones. Akwai Fred Thomson mai farin doki Silver King, wanda limamin coci ne kafin ya shiga fim, masu sinima na yaba shi don uba zai kawo yara ba fargaba. Akwai karen nan Rin Tin Tin da wani sojan Amurka ya tsinto a fagen yaƙi a Faransa a 1918, ya zama ginshiƙin Warner Bros. tun kamfanin yana ƙarami. Sai barkwanci irin na Harold Lloyd, sai fim mai dogon zango da ake yanke shi a daidai inda jaruma ke rataye a bakin dutse, a ce a dawo mako mai zuwa.

Abin da suka fi kuka da shi: finafinan tarihi na sarakunan Turai da manyan riguna da gashin ƙarya, finafinan attajiran birni da shaye-shaye da neman matan aure, finafinan da aka shigo da su daga Jamus, da fim ɗin da ya ƙare da mutuwar jarumi. Sai tsawo. Naɗi ɗaya na fim ƙafa 1,000 ne, yana cin minti goma zuwa sha biyar, gwargwadon saurin da aka juya na'ura. Su sun fi son naɗi biyar ko shida. In kamfani ya aiko da mai tara ko goma, to ba wurin saka ɗan barkwancin farko, ga manomi yana da tafiya a gabansa da tatsar shanu da asuba.

Sadiq Zariya: Kun gani ko? Doki da kare. Ga misali ɗaya da ya ishe ni. Kamfanin Fox ya ɗauko darakta Murnau daga Jamus, ya yi Sunrise a 1927. A bikin Oska na farko a 1929 an ba shi kyauta ta musamman ta fasaha, kuma har yau ana koyar da shi a makarantun fim. A kasuwa bai yi abin kirki ba. Da ra'ayin masu akwati ake bi, da ba a yi shi ba sam. Fim nawa na dokin Tony ake koyarwa yau?

Alhaji Tanimu Mai Gidan Kallo: Wane kamfani ka ce ya yi shi?

Sadiq Zariya: Fox.

Alhaji Tanimu Mai Gidan Kallo: Malam Habu, shi mai dokin a wane kamfani yake?

Malam Habu: Fox, tun 1917.

Alhaji Tanimu Mai Gidan Kallo: To Sadiq ka je ka gode wa doki. Kuɗin manoman Asabar ne aka tara aka ɗauko maka Bajamushen.

Ummi: Wayyo Alhaji ya gama da Yaya Sadiq 😭

Sadiq Zariya: Ban mutu ba tukuna. Cewa kuɗinsu ya yi amfani daban, cewa hukuncinsu daidai ne daban. Kuma ga wata matsala da ba a faɗa ba: fim ɗin da suke yanke wa hukunci ma ba shi ne wanda aka yi ba. A Niyok, sinimar Roxy da aka buɗe a 1927 tana da kujeru kusan 6,000 da makaɗa wajen ɗari suna bin fim da kiɗa. A ƙaramin gari fiyano ɗaya ce, wata yarinya na bugawa da abin da ta iya. Fim ɗin kuma sai ya gama zagaya birane, wata shida ko shekara, kafin ya iso, duk ya kakkarce, an yayyanke an lilliƙa. Wasu gidajen na'ura ɗaya gare su, duk naɗi sai an tsaya an canja. Wani mai na'urar ma ƙara gudu yake yi don a tashi da wuri. Ka kalli wannan ka ce darakta bai iya ba?

Malam Habu: Wannan magana ce mai nauyi Sadiq, kuma abin sha'awa su da kansu sun sani. Babban kaso na rahotannin a kan lafiyar fim ɗin ne ba labarinsa ba. Suna da kalmarsu, in karce ya yi yawa sai su ce fim ɗin na ruwan sama ne, don layukan da ke sauka a allo kamar ana yayyafi. Sukan ambaci ofishin rarraba fim na birnin da ya aiko musu, su ce kaza ya ɓace daga naɗi na ƙarshe, ko rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna an datse shi har ba a iya karantawa. A fim ɗin bebe kuwa in rubutun nan ya tafi, labari ya tafi. Masu adalci a cikinsu sukan raba abu biyu: fim mai kyau ne amma bai kawo mutane ba, ko ya kawo mutane amma bai gamsar da su ba. Kuma sukan faɗi uzuri: dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ana wa'azin tanti a gari, makaranta na wasan ƙwallon kwando, lokacin girbi ne. Na fi koyon rayuwar garuruwan nan daga uzurorin fiye da hukuncin.

Anti Rabi: Na yi shiru ina karantawa, amma akwai tambayar da ba wanda ya yi. Idan mai sinima ya ce mutanena ba sa son kaza, su wa yake nufi? Yawancin masu rubutun nan maza ne farare, masu ɗan abin hannu. A jihohin kudu a lokacin, baƙar fata ko dai a hana shi shiga, ko a tura shi bene ta wata ƙofa daban. Shi ba ya wucewa ta ƙofar da Malam ke cewa mai gida na tsaye yana sallama. Wani darakta baƙar fata, Oscar Micheaux, ya fara yin fim don baƙaƙe tun 1919, yana yawo da kayansa gari gari, wannan wata duniya ce daban da shafin bai damu da ita ba. Haka batun tsafta. In ya ce fim bai dace da garinmu ba, wani lokaci ba 'yan kallo ne suka ce ba, tsoron limamin coci da ƙungiyar matan gari yake yi, don su ke iya sa a hana shi buɗewa ranar Lahadi. 'Yan matan da suka cika sinima don ganin jarumin soyayya Rudolph Valentino ai su ma 'yan garin ne, amma wa ya tambaye su?

Malam Habu: Anti, ban da abin cewa sai ƙari. Tsoron nan gaskiya ne, kuma ya fito fili a Satumbar 1921, lokacin da aka kama ɗan barkwanci Roscoe Arbuckle a San Faransisko kan mutuwar wata 'yar fim, Virginia Rappe. Tun ba a fara shari'a ba gidajen sinima suka dinga cire finafinansa. Sau uku ana zama, a na uku a Afrilun 1922 aka wanke shi, amma kasuwarsa ba ta dawo ba. A shekarar ce kamfanoni suka ɗauko Will Hays daga gwamnati don ya wanke musu suna. Mai sinimar ƙaramin gari shi ne wanda duk abin kunyar Holiwud ke fara faɗo wa a ka, alhali ko Kalifoniya bai taɓa zuwa ba.

Mata ma suna rubutu a shafin, masu riƙe da sinima da kansu ko tare da mazajensu, sai dai ba su kai maza yawa ba.

Nura Maraɗi: Tambaya ɗaya. Mujallar nan ba da tallan kamfanonin take rayuwa ba? Yaya za ta bari a zage su a cikinta?

Malam Habu: Da tallansu take rayuwa, shi ya sa wasu ba su taɓa sakin jiki da ita ba. P. S. Harrison, wanda shi ma ya taɓa riƙe sinima, ya kafa tasa takardar a 1919, Harrison's Reports, ba ya karɓar talla ko ɗaya, kuɗin masu biya kawai, ta kuma rayu har 1962. Amma ita Herald ta gane cewa shafin ne ke jawo mata masu karatu, masu karatu kuma su ke jawo talla. Har abokiyar hamayyarta Moving Picture World ta buɗe irinsa. Masu rubutun suka zama kamar dangi, suna tsokanar juna kan jarumar da kowa ya fi so, wanda ke Idaho yana amsa wa na Nebraska. Wani J. C. Jenkins na garin Neligh a Nebraska ya yi suna a shafin har mujallar ta ba shi filinsa, yana yawo a mota yana ziyartar 'yan'uwansa masu sinima yana rubuto labarinsu.

Ummi: Ashe zaure irin namu ne, sai dai amsa na ɗaukar sati biyu kafin ta iso.

Baba Ɗanladi: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta mini. Ni ban ga zamanin bebe ba, amma na ga ƙanensa. Muna yara majigi na zuwa filin ƙofar sarki, mota ce da allo, wani mutum yana tsaye da lasifika yana fassara abin da ke faruwa. Idan mai bakin ya iya, fim ɗin tsaftar rijiya ma sai a yi ta dariya. Idan bai iya ba kowa ya kama gabansa. To da na ji yaron nan Sadiq yana maganar mai fiyano sai na ce gaskiyarsa.

Da na girma na yi ɗan aiki a wata sinima, ina share fili ina ɗaukar gwangwanayen fim. Fim ɗaya gida biyu ke haskawa dare ɗaya, ni ne mai kai naɗi a keke tsakaninsu. Wata rana sarƙa ta zame mini a hanya, na tsaya gyara a duhu. Kafin in iso allo ya yi fari fat, ana ta fito ana buga benci. Cikin sauri mai na'ura ya karɓa ya sa na biyar kafin na huɗu. Mugun da aka kashe sai ga shi ya dawo yana cin abinci. Washegari duk gari aka ce fim ɗin ba shi da kai, ba wanda ya dawo. Maigida ya ce wa mai kawo fim kada ya sake kawo masa irinsa. Ni dai ban ce uffan ba sai yau.

Anti Rabi: Baba! Shekara nawa kuna riƙe da wannan sirri? Allah ya ƙara lafiya.

Sadiq Zariya: Baba kun ba ni hujjar da ta fi duk wadda na kawo. Allah ya ja kwana.

Baba Ɗanladi: Amin. Kuma ku sani gwangwanin nan ba abin wasa ba ne a da. Fim ɗin wancan zamanin kamar fetur yake, in ya kama ruwa ba ya kashe shi. Mahaifina bai taɓa yarda da aikin nan nawa ba saboda gobarar sinimar El Duniya a Kano a 1951, mutum 331 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Malam Habu: Amin Baba. Sinadarin da ake yin fim ɗin da shi a da, naitiret, mai kamawa da wuta kamar yadda kuka ce, shi ne kuma ya cinye finafinan da muke magana a kansu, wasu gobara, wasu ruɓewa a ɗakin ajiya, wasu kamfanonin da kansu suka lalata su da magana ta shigo. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya ƙirga dogayen finafinan bebe kusan 11,000 da aka yi daga 1912 zuwa 1929, ya ce kashi 70 cikin ɗari sun ɓace gaba ɗaya. To Sadiq, a nan ne nake ganin darajar mutanen nan ko da ka raina ɗanɗanonsu. Fim da yawa ba wanda zai sake ganinsu. Abin da ya rage shi ne fosta, da tallan kamfani wanda ba ya faɗin aibi, da sharhin ɗan jaridar birni, sai layi huɗun wani mutum da ya tsaya a bayan ɗaki ya ji inda aka yi dariya da inda aka fara tari. An ɗora mujallun a intanet kyauta, duk mai jin Turanci zai iya dubawa.

Sadiq Zariya: A matsayin shaida na karɓa. A matsayin alƙalai har yanzu da sauran magana. Kuma ko su ba kullum suke sanin mutanensu ba. A 1935 jaridar Variety ta yi wani kanun labari da ya shahara, cewa mutanen karkara ba sa son finafinan rayuwar karkara. Manomi ya wuni da shanu, ya biya kuɗi da dare a nuna masa shanu?

Alhaji Tanimu Mai Gidan Kallo: Wannan kam gaskiya ne. Kuma abin da mutum ke faɗa maka a ƙofa daban, abin da yake biya ya gani daban. Akwai dattijon da ya taɓa tare ni kan wani fim wai yana ɓata yara, na cire. Da na duba littafina, dare uku aka haska shi, dare ukun yana benci na biyu.

Nura Maraɗi: Malam, da magana ta shigo fim yaya suka ƙare?

Malam Habu: Da wuya. Daga ƙarshen 1927 birane suka fara sa na'urar sauti, kuɗinta dubban daloli ne, mai karɓar sent 10 da sent 25 a ƙofa ina zai samo? Ga mota ta yawaita, hanya ta gyaru, manomi na iya wuce sinimar garinsu ya tafi babban gari ya ji jarumi na magana. Ga rediyo a gida. Sai kuma karyewar tattalin arziki ta 1929 ta biyo baya. Wasu suka ci bashi suka sa na'ura mai araha, suka koma kuka da ita a shafin, da yawa kuma suka rufe. Shafin dai bai mutu ba, ya bi mujallar har ta koma Motion Picture Herald a 1931.

Ummi: Ni dai karen nan ne ya tsaya mini a rai. Ya yi fim mai sauti?

Malam Habu: Ya yi, an ji haushinsa kafin ya mutu a 1932.

Alhaji Tanimu Mai Gidan Kallo: Ku ci gaba, ni na tafi neman man janareta, takwas saura ake take wasa. Sadiq, in kana da Bajamushen nan a waya turo mini. Ranar Talata ba ƙwallo, zan saka shi bayan isha'i in tsaya a ƙofa.